Yadda Ake Bin Diddigin Rayuwar Rash Behari Bose a Japan

Mai bincike ya fara da harin bam da aka kai wa Lord Hardinge, gwamna-janar na Birtaniya a Indiya, a Delhi a 1912, domin shi ne mafarin farautar da ta sa Bose, ɗan gwagwarmayar 'yancin Indiya da aka zarga da hannu a harin, ya tsere zuwa Japan a 1915. Daga nan sai mai binciken ya karkata ga gidan burodin Nakamuraya da ke Tokyo, inda iyalan Soma suka ɓoye Bose. A ganina, nan ne ya kamata ya fi daɗewa, saboda Toshiko, 'yar gidan da ta auri Bose a 1918, ta sha sauya matsuguni tare da shi don kauce wa masu leƙen asiri. Mai binciken ya auna rahotannin Ingila da shaidar iyalin, kuma ya bibiyi rayuwar Bose bayan rasuwarta a 1925.