Kurakuran da muke yi idan mun fita cin abinci a Kano

Yawancin ɓacin ran da nake gani a gidajen abinci, daga na Zoo Road har na Bompai da Nasarawa, kunyar tambaya ce ke jawo shi. Magidanci ya zauna da iyalinsa, an miƙo masa takardar jerin abinci, ya ga sunan da bai taɓa ji ba, sai ya dangwala yatsa don kada a ce baƙauye ne. Ai matambayi ba ya ɓata. Kira mai kawo abincin ka ce, "Malam, me aka sa a wannan? Zai ishi mutum nawa?" A wuraren Kwarori da na 'yan Sin faranti ɗaya kan ishi mutum biyu, amma sai ka ga kowa ya sa an kawo masa nasa, rabi ya tafi shara. In an yi saura, ka sa a ƙunshe maka, ba abin kunya ba ne.

Kuɗin da ke rubuce a takarda ba lallai shi za ka biya ba. Tun watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari, wasu kuma suna ɗora kuɗin hidima a kai. Ka ji ko an haɗa su tun kafin ka ci. Gasasshen kifi kuwa da girmansa ake sayar da shi, sai a nuna maka a yi ciniki kafin ya hau wuta.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen ayis kirim, domin yara ne masu sha. Idan wuta ta ɗauke ba a tayar da janareta da wuri ba, yakan narke ya sake daskarewa, kayan madara kuwa ba sa jure haka. Leƙa cikin gilashin da kyau. In ka ga ƙanƙara ta fito masa a sama, ko ka ɗanɗana ka ji garas-garas, haƙura da shi. Wurare da yawa za su ba ka ɗanɗano a ƙaramin cokali idan ka nema. Akwai kuma kayan zaƙin da akan zuba musu giya, irin su tiramisu da wanda ake kira rum raisin. Musulmi ya tambaya kafin ya saya. Sannan kada ka sayi ayis kirim a zafin Afrilu ka shiga adaidaita sahu da shi, kana ganin zai isa gida lafiya. A sha a wurin.

Da azumi, wanda ya iso ana kiran magariba shi zai fi kowa jira, gara ka buga waya tun bayan la'asar. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi ko kaɗan ne, don na'urar POS takan ƙi aiki bayan an riga an cinye abincin.