Yadda Ake Shirya Hutun Kamun Kifi da Iyali a Karaban a Bakin Tekun Norfolk

Iyalanmu da ke zaune a Ingila, da an ce hutun makaranta, sai a nufi gidan ɗan'uwa a Landan ko Manchester, yara su wuni gaban talabijin. Alhali akwai hutun da mutanen ƙasar suka daɗe suna yi da 'ya'yansu, bai kuma fi ƙarfinmu ba: a kama hayar karaban, wato ɗan gidan hutu mai tayoyi, a wani ƙaramin gari na bakin teku, a yi kwana uku ko mako guda ana kamun kifi. Zan yi misali da Wells-next-the-Sea da ke arewacin Norfolk, tafiyar kamar awa uku a mota daga Landan.

Da farko ku san wane karaban kuke nema. Iri biyu ne. Akwai na tafi-da-gidanka, wanda ake ɗaura wa mota a ja shi, akwai kuma na girke, wanda yake ajiye wuri guda a filin masu hutu, da ɗakin kwana biyu ko uku, da falo, da kicin, da banɗaki. In wannan ne karonku na farko, na girke za ku kama. Gaskiya ne tun Disamba 2021 mai lasisin ƙaramar mota a Ingila yana iya jan tirela har mai nauyin kilo 3,500 ba tare da wata sabuwar jarrabawa ba, amma hanyoyin arewacin Norfolk ƙanana ne masu lanƙwasa, ba wurin koyon ribas da gida a bayanka ba ne, ga yara suna kukan yunwa. A Wells akwai filin Pinewoods, daf da rairayin bakin teku, kamar mil guda daga cikin gari. Yawanci ana ba da haya daga Juma'a zuwa Litinin, ko Litinin zuwa Juma'a, ko mako cur. Ku tambaya ko da zannuwan gado da tawul a cikin kuɗin.

Kafin ku biya ko sisi, ku duba wata. Nan ne mutane suka fi yin kuskure: su fara zaɓen rana, sai sun isa su tarar teku ba ya nan lokacin da suke sonsa. Mu da muka taso da kogi da tafki mun saba ruwa yana inda aka bar shi jiya. Teku kuwa cikowa yake ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cikowa da cikowa kamar awa 12 da minti 25, shi ya sa kullum lokacin yake jinkirta da kusan minti 50. A Wells in ya janye, sai ka ga jirage kwance a kan yashi da taɓo, ruwan ya yi nisa har ido bai cika kai masa ba. A nan kalandarmu ta Musulunci tana da amfani ƙwarai, domin wata ne ke jan ruwan. Cikowa mafi girma tana zuwa ne a farkon wata da kuma tsakiyarsa, kwana ɗaya ko biyu bayan ya cika da'ira. A wannan gaɓar, babbar cikowar tana faɗowa ne da sassafe da kuma yamma, wato daidai yadda mai iyali yake so: a yi fatsa da safe, a huta da rana, a koma da yamma. Jadawalin cikowa da janyewa yana intanet kyauta, ana kuma liƙa shi a ofishin tashar jiragen. Ku buga shi a takarda ku manna a jikin firij. Shi ne agogonku har ku bar garin.

Lokacin shekara kuwa, daga Yuni zuwa Satumba. Hutun makaranta na ƙarshen Yuli da Agusta garin yana cika maƙil, haya tana tsada, don haka a kama wuri tun da sanyi.

Sai kaya. Karaban ba shi da faɗi, kada a kwaso gida. Amma akwai abin da ba za a samu a ƙaramin gari ba: naman halal, garin tuwo, kuka, daddawa, yaji. A sayo su tun daga gida a zuba a cikin kula. A taho da buta da dardumar salla. Alƙibla tana kudu maso gabas. Ku sani a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, asuba kuma tana yi da wuri sosai, don haka barcin rana ya zama dole ga babba da yaro. Kowa ya zo da rigar sanyi da ta ruwa ko da bazara ce, iskar Tekun Arewa ba ta san Agusta ba.

Da kun shiga karaban, ku gwada na'urar da ke ƙara in iskar gas mai guba ta taru. Kuma kada a shigo da abin gashi mai gawayi ciki, ko da wutar ta mutu. Hayaƙinsa ba ya wari, yana kuma kisa cikin barci.

Ranar farko ta yara ce, a kai su kamun ƙaguwa a bakin tashar jirage ta cikin gari, kusa da tsohon rumbun hatsin nan mai dogon baranda da ya ratso ta saman titi. Kayan aikin bokiti ne, da igiya, da 'yar jakar raga da ake sa abincin a ciki, duk ana sayar da su a shagunan wurin. Ba a sa ƙugiya. Za ku ga 'yan gari suna sa naman alade. Kan kifi ko fatar kaza suna yin aikin daidai. A je awa ɗaya ko biyu kafin ruwa ya gama cikowa, a zura igiyar har ƙasa, a ɗan jira, sannan a jawo a hankali. Bokitin a cika shi da ruwan teku, ba na famfo ba, a ajiye a inuwa, kada ƙaguwa su wuce goma a ciki. Waɗannan ƙanana ne, ba na tukunya ba, in an gama sai a mayar da su ruwa. Gaɓar tana da tsawo, don haka ƙaramin yaro ya zauna a ƙasa, hannun babba na riƙe da rigarsa.

Kifin ci kuwa sai an ɗan fita. A bi hanyar A149 gabas zuwa Cley, Salthouse ko Weybourne, inda gaɓar tsakuwa ce kuma ruwa yake da zurfi tun daga kusa. Nan ake kama kifin da muke kira titus a kasuwannin gida, wanda muka saba gani daskararre a kwali. Wanda bai taɓa ganinsa da rai ba, bayansa kore shar da zane-zanen baƙi yana sheƙi, bai san kifin ba tukuna. Fatsa a teku ba ta buƙatar lasisi a Ingila, saɓanin kogi da tafki. Ku shiga shagon kayan fatsa ku nemi doguwar sanda mai na'urar naɗe zare, da dalma, da jerin ƙugiyoyi masu gashin tsuntsu. Titus ba ya buƙatar wani abinci, gashin yake ɗauka ƙaramin kifi ne. A wurga nesa, a bari dalmar ta ɗan nutse, sai a riƙa ja ana naɗewa. Lokacinsa yamma ce ko sassafe, ruwa na cikowa, iska a kwance. In kun ga tsuntsaye na faɗawa ruwa wuri guda, garken yana nan ƙarƙashinsu. Kafin kowace wurgi, uba ya waiwaya ya ga ina yaransa suke, domin ƙugiya huɗu ko shida ne ke lilo a bayansa.

Ku zo da abin awo. A Tekun Arewa titus sai ya kai santimita 30 ake ɗaukarsa. Wani kifin teku da ake kira bass kuma sai ya kai 42, kuma yawan da aka yarda mutum ya ɗauka a rana yana sauyawa, a duba shafin gwamnati kafin a fito. Roƙona shi ne a tsaya a kan abin da za a ci. In garke ya zo, cikin rabin awa sai a cika bokiti, titus kuwa ba ya jure zafi. A fasa cikinsa nan take, a sa a ƙanƙara, a gasa a daren da yaji da albasa a waje.

Abu guda ba na wasa da shi. Rairayin Wells yana da kwari da ruwa ke fara bi ya zagaye mutum ta baya, yana can yana tsintar bawon kifi bai sani ba. Ƙungiyar ceto ta RNLI tana gargaɗin duk wanda ya tsallaka ya dawo aƙalla awa huɗu kafin ruwa ya cika. Ku bi wannan kamar doka. In kun ga wani ruwa ya tare shi, ku kira 999 ku ce a haɗa ku da masu gadin teku, kada ku shiga da kanku. Yara su sa takalmi in za su taka ruwa, saboda wani ɗan kifi mai ƙaya da ke ɓuya a yashi; in ya soki mutum, a tsoma ƙafar a ruwan zafi daidai juriya aƙalla rabin awa.

Ranar da iska ta hana fatsa, akwai dajin itatuwan fain da ke bayan rairayi har zuwa Holkham, da ƙaramin jirgin ƙasa da ke zuwa Walsingham. In kuma za ku sayi soyayyen kifi da dankali a bakin tasha, ku fara tambaya da wane mai aka soya, kuma ko an sa giya a kwaɓin fulawar.