Ka sa sabon kafireto amma babur ya ƙi zama daidai: kurakuran da aka fi yi

Mutum zai sayo kafireto sabo fil a kwali, a ɗaura, a buga kik, babur ya tashi ya mutu, ko kuwa ya dinga ihu shi kaɗai. Nan take sai a ce jabu aka sayar masa. Akwai jabu a kasuwa, ba musu, amma mafi yawan lokuta laifin na ɗaurin ne, sai kuma gaggawar murza sukurun saiti tun ba a duba abin da ya kamata ba.

Wani kuskuren tun daga shago ake yin sa: sayen wanda ya fi girman injin, wai don babur ya ƙara gudu. Sikuta mai injin GY6 na 125 ko 150 da kafireto mai bakin milimita 24 take aiki, ƙaramar mai 50 kuwa milimita 18 ko 19. In baki ya yi faɗi, iskar ba ta samun saurin da za ta ja fetur, kana murza totur injin na shaƙewa. Kafin ka yar da tsohon, kwance jet ɗinsa, wato ɗan ƙarfen mai ƙaramar huda da fetur ke bi ta ciki, ka karanta lambar da ke jiki, ka gwada da na sabon. Ba dole ba ne su zo ɗaya, ko da kwalin ya ce na babur ɗinka ne.

Babban abin da ke wahalar da mutane shi ne satar iska. Robar da ke haɗa kafireto da inji tana tsufa, zafi ya busar da ita, ranar da aka fizge tsohon kafireto ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Alamar satar iska ba ta ɓuya: ka saki totur amma injin ya daɗe bai sauko ba, sulo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, salansa na ɗan fashe-fashe in ka rage gudu. Wanda bai gane ba sai ya hau ƙara mai da sukudireba, yau ya yi daidai, gobe da safe ya rikice. Cire robar ka lanƙwasa ta a hannu cikin haske, tsagar za ta buɗe baki. Sauya ta, ka ɗaure kilif da kyau, ka kuma tabbatar bututun matatar iska ya zauna daram. Masu cire matatar gaba ɗaya wai injin ya sha iska, ƙurar hunturu suke ɗura wa fistin.

Sai tiyo-tiyo. A yawancin sikuta famfon mai ba ya buɗewa sai injin ya zuƙi iska ta wani siririn tiyo da ke fitowa daga robar nan. In an manta da shi ko an musanya shi da na mai, kafireto zai zauna a bushe. Akwai sukuru a gindin kwanon kafireto, sassauta shi kaɗan: in fetur bai zubo ba, matsalar ba ta saiti ba ce. In kuma yana ta ɗiga ƙasa babur na tsaye, datti ne ya tokare allurar fulot, wadda ke tsayar da mai in kwanon ya cika. Tankin da ya saba shan man 'yan bumburutu, a wanke shi a sa sabuwar matatar mai kafin a jona sabon kafireto, in ba haka ba tsatsa da ruwan da suka kashe tsohon su za su toshe wannan.

Cok ɗin irin waɗannan sikutoci na lantarki ne. Da sanyi yana ƙara mai, in ya ɗumama bayan 'yan mintoci sai ya rufe da kansa. A manta a jona wayarsa, babur zai tashi lafiya da safe, in ya yi zafi ya fara baƙin hayaƙi yana shan mai kamar rariya. Saboda wannan cok ɗin ma ba a saiti da inji mai sanyi. A zaga da shi kamar minti 10 tukuna.

Yanzu ne aka zo kan sukurun saiti, mai daidaita mai da iska. Mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, kada ka danna, bakinsa siriri ne yana karyewa. Sannan ka warware zagaye 2 a matsayin mafari. In sukurun yana ɓangaren inji, warwarewa ƙara mai ne. In yana ɓangaren matatar iska, kamar a yawancin roba-roba, warwarewa ƙara iska ne. Kwata-kwatan zagaye za ka riƙa yi, kana jira kana saurare, har ka sami inda ƙarar ta fi tashi da santsi. Daga nan ka sauke sulo da nasa sukurun, babur na kan jak ɗin tsakiya, har tayar baya ta daina juyawa. Wannan saitin na sulo da farkon totur ne kawai. In a gudu ne babur ke kasawa, allura da babban jet za a duba.

Fulogi ne alƙali. Bayan tafiya mai ɗan nisa, cire shi ka duba launin bakinsa: ruwan ƙasa daidai ne, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari kuwa mai ya yi kaɗan, kuma shi ne mai ƙona inji. Abu ɗaya za ka sauya kafin kowane gwaji. In duk an yi wannan sulo bai zauna ba, a bar kafireto a auna ratar bawul, injin na sanyi.