Babi na 7: Ɗaga Kujerar Bayan Mota Don Shigar da Wufa

Wannan babi na masu koyon aikin kujerun mota ne da masu haɗa kayan sauti, musamman 'yan ajin dare da ke zuwa daga garejin Farin Gada a Jos. Wufa ita ce babbar sifikar nan mai sauti mai kauri, wanda mutum ke ji har a ƙirjinsa. A-kori-kura mai ƙofa huɗu, irin Hilux, ba ta da but, bayanta kuma a buɗe yake, rana ta doka, ruwa ya doka. Shi ya sa ake cusa akwatin wufa a ƙarƙashin kujerar baya. Sau da yawa wurin ba ya isa sai an ɗaga kujerar kaɗan.

Ka tanadi tef ɗin awo, da biro, da littafinka na aji, da kwali, da sifana.

Darasi na 1: Karanta tef

Jawo tef ɗinka ka shimfiɗa shi a kan benci. Duba da kyau. Layin lambobi biyu ne a jikinsa. Layi ɗaya lambobinsa sun yi nesa da juna, wannan shi ne inci. Ɗayan lambobinsa a matse suke, wannan shi ne santimita. A yawancin tef inci na sama, santimita na ƙasa.

Ɗora yatsanka a kan 2 ta layin inci. Yanzu dubi ƙasanta. Wace lamba ka gani? Za ka ga 5. Wato inci 2 daidai yake da santimita 5 da ɗan ɗoriya, domin inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ka ga ke nan wanda ya karanta 5 a layin sama da wanda ya karanta 5 a layin ƙasa ba tsawo ɗaya suka auna ba. Na farkon ya ninka na biyun har sau biyu da rabi.

A wannan babi da layin santimita kaɗai za mu yi aiki. Layin ƙasa, mai matsattsun lambobi. Duk lambar da ka rubuta, ka sa haruffa biyu a gabanta: cm, wato santimita a taƙaice. In ka auna 10, rubuta 10 cm. Kada ka bar lambar tsirara.

Gwada yanzu. Auna faɗin littafinka, rubuta, sa cm. Auna tsawon bironka, rubuta, sa cm. In hannunka na rawa wajen rubutun, ba komai, kowa da haka ya fara. Rubuta a hankali, babu mai korarka.

Darasi na 2: Auna ƙarƙashin kujera

Ɗaga mazaunin kujerar. Fitar da jak da duk wani tarkace, ka kuma tambayi mai motar inda yake so a mayar da jak ɗin, don kada taya ta yi masa faci a hanyar Bauchi ya rasa shi.

Ƙasan mota ba shimfiɗaɗɗe ba ne, akwai tudu, akwai kwari. Saboda haka ka auna daga ƙasa zuwa cikin kujera a wuri uku: dama, tsakiya, hagu. Kowanne ka rubuta shi nan take, kafin ka matsa zuwa na gaba. Da wane layi? Layin ƙasa. Me za ka sa a gaban lambar? cm. Cikin lambobi ukun, ƙaramar ita za ka yi aiki da ita, domin akwati ba ya lanƙwasawa.

Sai wufar kanta. Lambar da ke jikin kwalinta, 8 ko 10 ko 12, faɗin bakinta ne da inci. Ba ita muke nema ba. Zurfinta muke nema. Kifa ta a kan tebur, ka auna daga ƙarƙashin leɓenta zuwa ƙarshen maganaɗisun da ke bayanta. Akwai wufa marar zurfi da aka yi musamman don matsattsen wuri, in mai mota bai riga ya saya ba, ita za ka ba shi shawara.

Ga misali, ka kwafe shi a littafinka. Zurfin wufa 9 cm. Iska tsakanin maganaɗisu da katakon ƙasa 2 cm. Kaurin katakon ƙasa 2 cm. Filin da bakin wufa zai yi motsi ba tare da ya taɓa kujera ba 2 cm. Tara da biyu sha ɗaya, da biyu sha uku, da biyu sha biyar. Ana bukatar 15 cm. In wurin da ka auna 10 cm ne, cire 10 daga 15, saura 5. Da 5 cm za a ɗaga kujera.

Yanzu koma cikin motar ka sake aunawa. E, sake. Dama, tsakiya, hagu. Layin ƙasa. In lambar ta bambanta da ta farko, auna karo na uku.

Nan ne fa nake gajiya da wasunku. An ce a rubuta, mutum ya ce ya riƙe a ka. Kafin ya isa wurin mai walda ya gaisa da mutum biyar, ya amsa waya, ya tsaya shan shayi, 5 cm ta koma inci 5. A yanko ƙarfe a kawo, a ɗora kujera, kan fasinja ya tokare rufi. Ƙarfe ya tafi, kuɗin walda ya tafi, maigida ya yi ta faɗa, kuma da gaskiyarsa. Haba jama'a! To me ya kawo ku aji in ba za ku yi amfani da biro ba? Yaga takardar, ka miƙa wa mai walda a hannu, ka nuna masa cm ɗin da yatsa.

Kafin kafinta ya taɓa katako, yanka kwali daidai girman akwatin, ka gwada shi a wurin.

Darasi na 3: Ƙarfe da noti

A ra'ayina kada ɗagawa ta wuce 5 cm. Sa dogon mutum ya zauna da hularsa, a ga abin da ya rage tsakaninsa da rufi.

Abin da za a sa ƙarƙashin ƙafar kujera bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, mai kauri. Ban da katako, ban da tara wosha a kan wosha. Ranar da direba ya taka birki da ƙarfi a gangaren Hawan Kibo, nauyin mutum uku a kan notin nan zai sauka.

Sabon noti ya fi tsohon tsawo da daidai tsayin da ƙarfen ya ɗaga kujerar. Auna tsohon, ƙara yawan ɗagawar, a misalinmu 5 cm, rubuta, sa cm. Tafi Dilimi, inda ake sayar da kayan gyaran mota, da tsohon a aljihu, domin haƙoran notin Toyota sun fi na gama-gari ƙanƙanta, in ka tilasta wani daban zai cinye ramin. Dubi kan notin, ka ga an buga 8.8 ko 10.9. Wanda babu lamba a kansa, ajiye musu kayansu.

Notin bel ɗin kujera kuwa, bar shi inda kamfani ya sa shi. Duba kuma ko majinginar kujerar na maƙale da bangon mota har yanzu bayan ɗagawa.

Darasi na 4: Huda

Yi amfani da ramukan da ke nan. In dole sai an huda sabo, leƙa ƙarƙashin motar tukuna. Tankin mai da bututun birki suna wajen. Shafa wa ƙarfen fenti saboda tsatsa.

Darasi na 5: Waya

Cire kan batir mai alamar (-) kafin komai. Fis ya zauna kusa da batir, kada ya wuce 45 cm. Sauran aikin na mai rewaya ne.

Aikin gida: wurin da ke ƙarƙashin kujera 11 cm ne, zurfin wufa 8 cm. Da nawa za a ɗaga kujera? Amsar da babu cm a gabanta ba zan duba ta ba.