Yadda zaka gane ko allurar korona na aiki kan sabon nau'i

Duk sanda akace wani sabon nau'in korona ya ɓulla sai kaga an fara yawo da saƙo a WhatsApp wai allurar da mukayi ta tashi a banza. Kafin ka tura wa wani ka tambayi mai maganar abu ɗaya tak: bata hana me? Kamuwa, ko kwanciya a gadon asibiti? Anan ake ruɗa mutane wallahi.

Ita allurar ƙayoyin nan dake jikin ƙwayar cutar take nunawa jikinka ya haddace. Toh nau'in Omicron da masana a Afirka ta Kudu suka sanar a Nuwamban 2021 yazo da canji sama da 30 a ƙayar, shi yasa ya dinga kama har masu allura biyu, amma garkuwar jiki ba gadi ɗaya gareta ba, akwai wasu ƙwayoyin jini a ciki da canjin bai cika ruɗasu ba, sune suke sa yawanci mutum ya ƙare da mura da zazzaɓi a ɗakinsa maimakon a ɗaura masa oksijin.

In kaga lamba kuma duba shekararta. Kariyar kashi 95 cikin 100 ɗin nan da akace allurar kamfanin Pfizer na bayarwa gwajin 2020 ne, kafin nau'in Delta da Omicron su mamaye duniya, kuma ba nufinsa mutum 5 cikin 100 zasu kamu ba, kwatantawa akayi da waɗanda basu samu allurar ba. Mai kawo maka ita yau tsohon labari yake siyar maka, ko yabo yake ko zagi.

Sai ka ɗauko katinka kaga rabonka da allura. Kariya daga kamuwa cikin 'yan watanni take sauka. In akwai tsoho a gida, ko mai ciwon suga, hawan jini, ko mai juna biyu, dan Allah kar a tsaya musu a majalisa, a kaisu asibiti mafi kusa da katin a hannu, a tambaya akwai ta ƙari, kuma wacce iri ce, don an sabunta allurar saboda sabon nau'in XBB.1.5 a 2023 sannan nau'in JN.1 a 2024.

In anyi, a bata kamar sati biyu ta kama jiki. Wanda ya fara tari kwana uku da yinta kar yace itace ta gaza.