Yadda ake wasan shiritori da sunayen waƙoƙin Japan a ɗakin karaoke

Toh jama'a, karaoke, wato rera waƙa kana bin kiɗan da na'ura take sakawa, a Japan ba irin wanda mutum zai hau dandamali gaban baƙi ba ne, ɗaki ake kamawa na awa ɗaya ko biyu a wurare irin su Big Echo ko Manekineko, ku da abokanku kawai ku rufe ƙofa. Matsalar ita ce bayan awa guda kowa ya rera 'yan waƙoƙin da ya iya, sai ka ga an fara latsa waya. A nan ne wani zai ce a yi shiritori.

Shiritori wasan kalmomi ne da yaran Japan suke tasowa da shi, ma'anar sunan ma kamar a ce kama gindi, wato ka kama gindin kalmar da aka faɗa ka fara taka da shi. A karaoke kuma sunan waƙa ake bi. In na rera waƙar da sunanta ya ƙare da "na", kai dole ka nemo wadda sunanta ya fara da "na" kuma ka rera ta, ba faɗin suna kawai ba.

Abu na farko da za ka sa a ranka, gaɓa ake bi ba harafin boko ba. Haruffan rubutunsu da ake kira "kana", waɗanda kusan kowanne gaɓa guda ne, 46 ne na asali, a i u e o, ka ki ku ke ko, sa shi su se so, haka dai, kuma wallahi mu Hausawa wannan bai kamata ya ba mu wahala ba don kalmominmu ma yawanci haka suke tafiya da baƙi da wasali. Sai dai akwai tarko. Shahararriyar waƙar nan ta Sakamoto Kyu ta 1961, Ue o Muite Aruko, wadda ta kai lamba ɗaya a Amurka a 1963 da sunan Sukiyaki, kunnenka zai ji ta ƙare da "ko" mai ja, amma a kana harafin ƙarshe "u" ne. To rubutun kana shi ne alƙali. Ita wannan ta fara da u ta ƙare da u, in ka rera ta ka mayar wa na gaba da kayansa kenan.

Doka ta biyu ita ce mai kayar da mutane, duk wanda ya ɗauko sunan da ya ƙare da "n" ya faɗi, saboda babu kalmar Japananci ta yau da kullum da take farawa da wannan harafin. Ni nan ta ci ni. An ba ni "re", ina murna na danna Lemon ta Yonezu Kenshi ta 2018 don na iya amshinta, su kuma remon suke cewa tunda ba su da L, kiɗa bai gama tashi ba ɗakin ya kaure da dariya, na tsaya riƙe da makirfo kamar wanda aka kama da satar nama a tukunya. Robinson ta Spitz ma haka take, ka kiyaye ta. Daga nan ka gane cewa sunan da yake da Turanci yadda Bajapane zai furta shi ake lissafawa, ba yadda aka rubuta ba.

Kafin a danna waƙar farko ku zauna ku yanke ƙananan dokoki, in ba haka ba gardama ce za ta cinye kuɗin ɗakin. Sunan da ya ƙare da dogon wasali kamar Dry Flower, dorai furawaa, "wa" za a ɗauka ko "a"? Sannan haruffan da ake ɗora wa ɗigo biyu, "ka" ya koma "ga", "se" ya koma "ze", an yarda a cire ɗigon ko ba a yarda ba? Ni shawarata a yarda in akwai sabbin shiga, don wasu gaɓoɓin waƙoƙinsu ba su da yawa. Ku kuma yanke cewa baiti ɗaya da amshi kawai za a rera a kashe, da kuma minti ɗaya na nema, don akwai mai shafe minti biyar yana ta lalube.

Wajen nema kuwa na'urar ɗakin ce abokiyarka. Manyan injinan guda biyu ne, DAM da JOYSOUND, kowanne da ɗan allon hannu, na DAM ana ce masa denmoku. Ka shiga neman waƙa ta suna ka danna gaɓar da aka ba ka, jerin zai fito. Amma fa ganin suna daban, iya rerawa daban, shi ya sa gara ka zo da sarƙarka a kai. Ga wadda nake amfani da ita: Zankoku na Tenshi no Teze, waƙar buɗe shirin katun ɗin nan Evangelion ta 1995 da kusan kowa a can ya iya, ta ƙare da ze, sai Zenzenzense ta RADWIMPS, ta ba da se, sai Sekai ni Hitotsu Dake no Hana ta SMAP, ta ba da na, sai Nada Soso wadda ita ma a rubuce da u ta ƙare, ka ga an dawo kan ta Sakamoto.

Yanzu ga muguntar. Gaɓar "ru" ita ce bulala a shiritori, kalmomin da suke ƙarewa da ita sun yi yawa amma masu farawa da ita 'yan kaɗan ne, har suna suka ba wannan dabarar, ruzeme, wato kai hari da ru. In kana so ka takura wa na kusa da kai ka jefa masa Yoru ni Kakeru ko Idol, aidoru, duk na YOASOBI, ko ultra soul ta B'z. Shi kuma a ruɗe zai cafko Rouge no Dengon ta 1975, wadda ta fara da ru amma ta ƙare da n, shi ke nan ya rufta. Mafitar ita ce Ruby no Yubiwa ta Terao Akira ta 1981, tsohuwa ce amma tana fid da kai kunya, ta miƙa wa na gaba "wa". Haddace ta ko da amshin ne kawai, ka kuma tanadi ta biyu a aljihu don ba a maimaita waƙa, kuma wanda ya jefa maka ru sau ɗaya zai sake.

Hukuncin wanda ya faɗi kada ya yi tsanani, mu dai cewa muke ya je ya ciko wa kowa kofinsa a wurin lemo, ko ya riƙe tambourine, ɗan kacau-kacau ɗin da ake kaɗawa, har zagaye ya dawo kansa.