Yadda ake ƙara wa mota ƙarfin birki da riƙon taya idan kana son ka riƙa ɗan taka ta

Kusan duk wanda na gani ya shiga wannan harkar ta baya yake farawa. Mutum zai ji motarsa tana ɗan jan ƙafa kafin ta tsaya, sai ya tafi ya sayo wasu manyan kalifa (ƙarfen da ke matse faifan birki) masu jan fenti da faifan birki mai huji-huji, ya sa a mota, ya ɗau hoto, alhali tayoyin da ke ƙasa sun shekara bakwai sun bushe kamar ƙirgi. Toh ɗan'uwa birki aikinsa kawai ya hana taya juyawa, ita tayar ce ke riƙe kwalta, kuma wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannunka ba. Gwada da kanka: samu hanya babu kowa, ka kai kilomita 60, ka danne feda iya ƙarfinka. In ka ji fedar tana karkarwa a ƙafarka, ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an danne birki, ya shigo kenan, ma'ana birkinka ya riga ya fi ƙarfin tayarka, duk kalifar da za ka ƙara ba za ta rage maka ko taku ɗaya ba a wannan tsayuwar.

Don haka taya ce farko, babu jayayya.

Ka duƙa ka karanta rubutun gefen tayarka, za ka ga wani abu kamar 205/55 R16 91V. 205 ɗin faɗinta ne a milimita, 55 tsayin gefenta ne wato kashi 55 cikin 100 na faɗin, 16 girman rim ne a inci, 91 na nufin kowace taya za ta ɗau kilo 615, V kuma iyakar gudun da aka gwada ta a kai, kilomita 240. H 210 ne, W 270, Y 300. Kar ka sauka ƙasa da lambar nauyi ko harafin gudun da kamfanin motarka ya rubuta, sama dai ba laifi. Sannan ka nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwar tayar, 2322 na nufin sati na 23 a shekarar 2022. Ni kam tayar da ta wuce shekara shida ba na sa ta a motar da zan taka ko da zanenta na nan cif, saboda roba ce, tana tsufa ko tana ajiye a shago. Tayar hannu kuma ban ma son a kawo maganarta, ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san facin da aka ɓoye a cikinta ba.

Irin tayar da kake nema ita ce mai laushin roba da aka yi don gudu a kwalta, irin su Michelin Pilot Sport, Goodyear Eagle F1, Bridgestone Potenza ko Continental SportContact. A gefen mafi yawansu akwai lambar da ke nuna saurin cinyewa, tayar gama-gari za ka ga 500 ko 600, waɗannan kuwa wajen 300 suke yawo. In ka ga 200 ko ƙasa da haka ka kama kanka, wannan ta fi kusa da ta filin tsere, za ta cinye da wuri kuma wasunsu ba sa son ruwa ya kwanta a hanya. Kusa da lambar akwai harafin riƙo a jiƙaƙƙen titi, AA ko A kake so, sai na jure zafi, shi ma A. Abu ɗaya da za a sani, irin wannan robar tana taurara idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, wanda ke inda ake ƙanƙara sai ya tanadi wasu na daban.

Maganar ƙara girman rim kuma, mutane na son ta saboda kyau. In dole sai ka yi, inci ɗaya ya isa, kuma ka rage tsayin gefen tayar yadda tsawon gaba ɗaya zai zauna kusan yadda yake, misali mai 205/55 R16 zai iya komawa 225/45 R17, in ba haka ba agogon gudunka zai fara yi maka ƙarya kuma tayar na iya gogar jikin mota a kwana. Kuma rim mai nauyi asara ce, shokazoba ce ke shan wahalarsa. Kuɗin rim ɗin gara ka zuba shi a taya mai kyau huɗu iri ɗaya. In biyu kawai aljihunka zai ɗauka, sabbin su tafi baya ko da motar da gaba take ja, don in gaba ya zame ana iya gyarawa da ɗaga ƙafa, in baya ya zame a ruwa sai dai ka ga motar ta juyo tana kallon inda ka fito.

Iska kuma a bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba lambar da ke jikin taya ba, waccan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. A auna da safe kafin mota ta motsa. A yi balansin, a yi alaimen, shi kenan.

Na biyu man birki, wanda shi ne mafi arha kuma shi ne wanda kowa ke tsallakewa. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, kuma da ya sha ruwa sai zafin da zai iya jurewa kafin ya tafasa ya faɗi ƙasa. Man iri-iri ne, mai lamba DOT 3 sabo yana kai digiri 205, in ya sha ruwa ya koma 140. DOT 4 230 ne ya koma 155, DOT 5.1 kuma 260 ya koma 180. Da ya tafasa sai tururi ya taru a cikin tiyo, tururi kuwa matsuwa yake, sai ka taka feda ka ji ta tafi ƙasa luɓus kamar ka taka soso, kuma ba ya faruwa sai a gangara mai tsawo ko bayan ka taka birki da ƙarfi sau biyar shida a jere, wato daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Ka tuna gudun 120 ba ninki biyu na zafin 60 yake jawowa ba, ninki huɗu ne. A zubar da tsohon gaba ɗaya a sa DOT 4 mai kyau ko 5.1 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, duk shekara biyu. Hattara da DOT 5 wanda babu .1 a gabansa, wani abu ne daban da silikon aka yi shi, ba ya haɗuwa da sauran kuma ba a sa shi a mota mai ABS. Wajen cire iska a fara da tayar da ta fi nisa da tukunyar man sai dai in littafin motar ya ce wani abu daban, kuma kar a bar tukunyar ta ƙafe ana cikin aiki. In ya ɗiga a fenti a wanke nan take, cin fenti yake.

Sai fad, wato takalmin birkin da ke kama faifai, da shi faifan kansa. Fad ɗin tsere ba naka ba ne, sai ya ɗau zafi yake kamawa, da safe a mahaɗar farko zai ba ka kunya, ga ƙara ga cin faifai. Ka nemi na titi mai jure zafi, ni na fi son mai haɗin ƙarfe duk da yana baƙanta rim da ƙura, na siramik ya fi tsabta da shiru amma ban taɓa jin daɗin cizonsa ba in ya yi zafi. A bayan fad da yawa akwai haruffa biyu kamar FF ko GG, na farko ƙarfin kamunsa ne da sanyi, na biyu da zafi, kar ka sayi wanda harafi na biyu ya yi ƙasa da na farko. Faifai kuma sumul ɗin nan na kamfani mai suna ya ishe ka, mai huji tsagewa yake daga bakin hujin in yana shan zafi. A jikin faifan an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, a auna, in ya kai a canja duka biyu na gefe da gefe. Kafin a ɗora sabo a kankare tsatsar fuskar da zai zauna a kai tas da burushin waya, a wanke man da aka shafa wa sabon faifan a kamfani, a cire fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai a sa musu giris na birki, ba giris ɗin da aka ga dama ba don wancan kumbura robar yake, kuma kar a bar kalifa tana lilo a jikin tiyo, a rataye ta da waya. Notin taya a ɗaure su tsallake-tsallake da sufana mai awon ɗauri, ba a hau kai da ƙafa ba. Kuma kafin ka sa giya ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri, na ga wanda ya manta ya ja baya ya daki bango.

Yanzu ga inda ni na faɗi, kuma nan nake so ka natsu.

Na sa sabon fad da sabon faifai, na fita ina jin kaina, na yi ta gudu ina danne birki don in ji bambanci, kuma na ji, sai na zo danja ta tsayar da ni, na tsaya ƙafata a kan feda kusan minti biyu faifai na ta tururin zafi. Bayan kamar sati biyu duk lokacin da na taka birki a gudu sai sitiyari ya kama rawa a hannuna. Na kai wa bakanike ya ce faifan ne ya lanƙwashe, jabu aka sayar min, aka kai aka goge shi a inji, na biya, na dawo na ci gaba da halina, bayan wata guda rawar ta dawo. Sai ranar da na cire tayar da kaina na haska fitila na ga hoton fad ɗin zane a jikin faifan, siffarsa cif kamar an buga hatimi. Ashe faifan bai lanƙwashe ba, ni ne na gasa shi sannan na manna masa fad a wuri ɗaya.

Abin da ke faruwa shi ne, birki mai kyau ba fad ne ke gogar ƙarfe tsirara ba, fad ɗin yana shafa wani siririn shimfiɗi na jikinsa a fuskar faifan, daga nan sai ya riƙa kama wannan shimfiɗin. In shimfiɗin ya kwanta daidai ko'ina sai ka ji birki sumul. In ya taru a gefe ɗaya, duk zagayen da taya ta yi sai fad ya ci karo da tudun, tudun da idonka ma ba zai gani ba, shi ne rawar da kake ji. Saboda haka sabon fad sai an zaunar da shi, kuma ga yadda nake yi yanzu. Ka samu doguwar hanya miƙaƙƙiya lokacin da babu motoci, ka duba madubi kafin kowane taku. Fara da taku uku huɗu masu sauƙi daga 60 zuwa 20 don ya ɗumama. Daga nan ka kai 100, ka taka da ƙarfi sosai amma ba har ABS ya shigo ba, ka sauko zuwa wajen 15 ko 20, kar ka tsaya, ka saki ka sake komawa 100 nan take, haka sau takwas zuwa goma a jere. Wajen na shida ko na bakwai za ka fara jin ƙauri, wataƙila ka ga ɗan hayaƙi, fedar ma ta ɗan yi laushi, kar hankalinka ya tashi, haka ake so. Abin da ba a so shi ne tsayawa cak. Da ka gama na ƙarshe ka ci gaba da tafiya minti goma ba tare da ka taɓa birki ba sai dole, iska ta huce shi. In wani abu ya tilasta maka tsayawa a tsakiya, ka rage gudu tun daga nesa, ka sa a furi ka ɗaga ƙafa daga feda in wurin ba gangara ba ne, ko ka bar tazara ka riƙa ɗan gangarawa kaɗan-kaɗan. Kuma kar ka ja birkin hannu a kan faifan baya mai zafi. In ka dawo gida ya huce ka leƙa, fuskar faifan za ta yi wani launin toka-toka mai ɗan shuɗi ko'ina bai ɗaya, ba ƙyallin sabon ƙarfe ba. In ka ga dabbare-dabbare a sake wani zagayen. Wasu kamfanonin suna sa takardar yadda suke so a zaunar da nasu a cikin kwali, in akwai a bi tasu.

Ko bayan an zaunar da shi wannan ɗabi'ar ta zama taka, duk sanda ka sauko daga gudu ka ba birki wuta, kar ka tsaya ka danne shi.

Sabbin tayoyin ma suna da santsi a kilomita ɗari biyu uku na farko, a bi su a hankali, in da hali ma kar a haɗa ranar sa taya da ranar zaunar da fad. Tiyo mai saƙar ƙarfe yana ƙara wa feda tauri kaɗan, in na motarka sun tsufa sa shi, in ba haka ba bar shi. Manyan kalifa kuwa sai in ka yi duk waɗannan kuma har yanzu birki na gajiya maka, wanda a titi ban taɓa ganin ya faru ba. Motar da birkin hannunta na lantarki ne sai an sa ta a yanayin gyara da na'ura kafin a tura fistin ɗin baya, kar bakanike ya matse shi da ƙarfi. Bayan kilomita 100 a sake bin notin taya da sufana, a leƙa tukunyar man birki, a duba bayan kowace taya ko akwai jiƙa.